Katun ɗin kimiyya na yara: a tsakar gida ake gane na ƙwarai

Wani ɗan gajeren bidiyo ake ta turawa a WhatsApp. Yaro ne da bai wuce shekara uku ba, an tsayar da shi gaban waya, yana jero sunayen duniyoyi takwas da ke zagaya rana da Turanci, cikin waƙar da ya ɗauko a katun. Manya na ta shewa a bayansa, a ƙasan bidiyon kuma an rubuta wai ga masanin kimiyyar gobe.

Yaron ba shi da laifi, ya ma burge. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka amince cewa abin da ya yi ɗin nan shi ne kimiyya, kuma irin katun ɗin da ya koya masa shi ya kamata a cika wa yara waya da shi.

Ina goyon bayan shirin katun mai koyar da kimiyya ga yara 'yan shekara uku zuwa biyar, amma da ma'auni guda nake auna shi. Idan aka kashe, yaron ya miƙe ya je ya taɓa wani abu, ya zuba, ya leƙa, ya gwada? Ko kuwa cewa ya yi a sa masa wani? Shirin da ya tura yaro tsakar gida ya yi aikinsa. Wanda ya manne shi a tabarma, ko an rubuta "ilimi" sau goma a jikinsa, raino kawai yake yi.

Mafi yawan abin da masu tura finafinai ke loda wa iyaye a memori da sunan katun na ilimi ba ya cin wannan jarabawa. Waƙoƙi ne na jero suna: launuka, duniyoyi, ƙasusuwa, dabbobin da yaron bai taɓa gani ba. Mu da muka tashi da allo mun san darajar hadda. Sai dai kowane fanni da ƙofarsa, kimiyya kuwa ta ido da hannu ake shigarta.

"Ɗan shekara huɗu me ya sani game da kimiyya?"

Masu wannan ƙorafi suna hango ɗakin gwaje-gwaje ne da kwalabe da dogon lissafi. Idan haka ake nufi, sun yi gaskiya.

Amma duk wanda ya zauna da yaro mai waɗannan shekaru ya san tambaya ba ta ƙare masa. Me ya sa wata ke bin mu? Ina ruwan da aka zubar a ƙasa ya tafi? Don me kaza ba ta fitsari? A 2007 wata mai bincike a Amurka, Michelle Chouinard, ta ƙirga tambayoyin da ƙananan yara ke yi wa manya a hirarrakin da aka naɗa, ta samu sun haura ɗari a awa guda, akasarinsu kuma na neman sani ne.

Kimiyyar ɗan rabin aji ba ta wuce wannan ba: ya lura, ya kwatanta abu biyu, ya canki abin da zai faru, ya gwada, ya faɗi abin da ya gani.

A kan haka aka gina Sid the Science Kid, wanda kamfanin Jim Henson ya shirya, tashar PBS ta Amurka ta fara nunawa a 2008. Kowace fitowa da tambaya ɗaya take farawa, wadda yaron ya tashi da ita da safe: me ya sa ayabarsa ta yi laushi, me ya sa takalminsa ya matse shi. Sai ya kai wa iyayensa ita wajen karin kumallo, ya tambayi abokansa uku a makaranta kowa ya faɗi zatonsa, malama ta fito da kayan gwaji, su zana abin da suka gani a littafi, a hanyar komawa gida ya ba kakarsa labari. Tambaya ɗaya ta zagaya bakin mutum shida ko bakwai kafin a tashi. A tsakiya kuma ana nuna yara na gaske suna yin gwajin da hannunsu, don mai kallo ya ga ba a cikin zane kaɗai abin ke yiwuwa ba.

Maganar takalmin nan ta fi burge ni. Yaro zai rantse takalmin ne ya ƙanƙance. Ba a ce masa "ba haka ba ne", sai a bar shi ya auna ya gano ƙafarsa ce ta girma. Zato ne irin wanda yara ke yi da gaske, aka gyara shi da abin da za su iya gani.

Abin da ya raba mai kyau da na banza

Labarin da darasin su zama abu ɗaya. Idan labarin na bin ɓarawo ne da gudu, sai a tsakiya wani ya juyo ya ce "kun san dutse yana nutsewa a ruwa?", yaro zai riƙe gudun ya zubar da dutsen. Kansa ba ya ɗaukar kaya biyu lokaci guda, kuma mai daɗin zai ɗauka. Amma idan ba za a haye rafin ba sai an gano me ke nutsewa me ke tsayawa a saman ruwa, to bin labarin shi ne koyon darasin.

Sai shiru. Blue's Clues, wanda tashar Nickelodeon ta fara a 1996, ya yi suna da wannan: mai gabatarwa zai yi tambaya, ya kalli yaro, ya yi shiru na wasu daƙiƙoƙi. Babba na jin shirun ya yi yawa, yaro kuwa a cikinsa yake tunani har ya amsa da baki. Wani abin da suka yi, wanda masu talabijin suka ɗauka wauta ce, shi ne nuna fitowa ɗaya tun daga Litinin har Juma'a. A binciken da Daniel Anderson da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, yara 'yan uku zuwa biyar da suka kalli fitowa ɗaya kwana biyar a jere sun fi waɗanda suka gani sau ɗaya fahimta, kuma suna ƙara amsa tambayoyin da baki kullum.

Ke nan yaron da ke cewa a mayar masa da wanda ya gani jiya ba rigima yake ba. Fitowa biyar masu kyau a memori sun fi ɗari biyu. A kuma kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya shigo da kansa da zarar na farko ya ƙare, domin shi ke cinye lokacin da yaro zai miƙe.

A kula da tsawon lokacin da ake ba amsar kuskure. Wasu marubuta na son a yi dariya, sai su kwashe minti takwas cikin goma sha ɗaya wani wawan hali yana cewa rana barci take zuwa yi da daddare, sannan a gyara a minti na ƙarshe. Babba ya san raha ake yi. Yaro abin da aka fi maimaitawa yake tafiya da shi.

Akwai kuma batun gudu da abubuwan da ba sa yiwuwa. A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta raba yara 60 'yan shekara huɗu gida uku: wasu suka kalli minti 9 na katun mai saurin sauya hoto da almara, wasu katun mai natsuwa, wasu suka yi zane da hannu. Nan take aka gwada su da wasannin da ke buƙatar haƙuri da riƙe umarni, rukunin farko suka fi kowa gazawa. Da ta sake bin lamarin a 2015, sai ta ga yawan abubuwan da suka saɓa wa dabi'a ya fi saurin hoton tasiri. Ga shirin kimiyya wannan ya fi muni. Ba a koya wa yaro cewa abu na faɗuwa ƙasa a shirin da jarumi ke tsayawa a iska yana hira kafin ya faɗo.

Za a ce, ai Gizo ma magana yake yi, Ƙoƙi ta amsa, ba mu lalace ba. Haka ne. Amma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san an bar duniyar gaske, da an ce "ƙurunƙus" ya san an dawo. Katun ba shi da wannan shinge. Ba ni da damuwa da zomo mai riga yana tambaya, yara sun san zomo ba ya sa riga. Inda nake ja shi ne a ba abin da ake nazari a kansa baki da nufi: girgije ya yi kuka don ransa ya ɓaci, iri ya tsiro don yana son ganin abokansa. Mai tambaya zai iya zama almara, amma ruwan da irin dole su yi abin da suke yi a waje.

"Likitoci sun ce kallo na ɓata yara"

Sun faɗa, kuma ba ni da ja. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawararta ta 2016, ta ƙara cewa awar nan ta zama ta shiri mai inganci, babba kuma ya zauna a kalla tare.

Dalilin hana ƙananan ya wuce batun ido. A 1998 Georgene Troseth da Judy DeLoache suka ɓoye abin wasa a ɗaki, suka bar 'yan shekara biyu suna kallon ɓoyewar. Waɗanda suka gani ta taga suna shiga su ɗauko. Waɗanda suka ga abu ɗaya ta talabijin sun fi yin lalube. 'Yan shekara biyu da rabi kuwa sun iya ko ta talabijin ɗin. Ɗan ƙaramin yaro bai gama gane cewa abin da ke cikin akwatin yana ba shi labarin duniyar da yake ciki ba. Wanda ya sayar maka da katun ɗin kimiyya na ɗan wata goma sha takwas, kuɗinka kawai ya karɓa.

Amma ƙa'idar ba ta ce a hana ɗan shekara huɗu gaba ɗaya ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidaje da yawa yaro na kallo ko an so ko an ƙi: wayar uwa, talabijin ɗin maƙwabta, fim ɗin manya da aka kunna yana gefe. Abin da ke hannun iyaye shi ne me zai cika awar. Fitowa ɗaya ta minti 11 zuwa 25 ta isa a zama guda. Kada a yi lokacin cin abinci, kada a yi dab da barci, kada kuma ya zama abin rufe bakin mai kuka, don daga ranar ya koyi hanyar samun waya.

"Da Turanci ne, ya ci riba biyu"

Wannan shi ne ƙorafin da na fi jin nauyin musantawa, domin buri ne mai kyau. Uba na son ɗansa ya fito da Turanci da kimiyya a tafiya ɗaya.

Zai iya tsintar kalmomi, kamar yaron bidiyon can. Amma cankar abin da zai faru da ba da dalili aiki ne da ake yi da harshen da ake tunani da shi. Shirun da mai gabatarwa ke bari ba ya amfanar wanda bai ji tambayar ba. Mafi muhimmanci, hirar da za ta biyo baya da uwa ko kaka da Hausa za a yi ta. Idan shirin bai bar wa yaro kalmomin da zai kai musu ba, maganar ta mutu a wurin.

Ba harshe kaɗai ba ne. Shirye-shiryen Amurka da Birtaniya cike suke da dusar ƙanƙara, da ganye mai ja yana zuba, da yanayi huɗu irin nasu. Yaron Katsina ko Maraɗi ba zai leƙa waje ya tabbatar da ko ɗaya ba. Nasa huɗun su ne bazara, damina, kaka da hunturu, kuma kowanne na da tambayoyin da suka fi na dusar ƙanƙara kusa da shi: me ya sa leɓe ke tsagewa a hunturu, me ya sa bargo ke tartsatsi cikin duhu, ina kwaɗi suke kafin ruwan farko.

Fassara na rage matsala, kuma an yi ƙoƙari. Ubongo, da aka kafa a Darussalam ta Tanzaniya a 2013, na da Akili and Me na ƙananan yara da Ubongo Kids na 'yan firamare, kuma an juya shirye-shiryensu zuwa harsuna da dama har da Hausa. Na ƙananan ya fi karkata ga ƙidaya da haruffa da tarbiyya, kimiyyar tana cikin na manyan. A Najeriya an fara Sesame Square a NTA a 2011. Gurbin kimiyya tsantsa ga ɗan rabin aji, da Hausa, shi ne har yanzu yake neman mai cike shi.

Mai fassara kuma na da ramuka a gabansa. Da Hausa ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke, gishiri ma ya narke a ruwa, alhali biyun farko zafi ne ya sauya su, na ukun kuwa bazuwa ya yi cikin ruwa. Turanci na da kalma ɗaya ga biyun farko, wata daban ga na ukun, don haka fitowar da aka gina kan bambancinsu za ta rushe idan aka juya ta kai tsaye. Iska ita ce wadda ke kaɗawa, ita ce kuma wadda ke cike da kofin da muke cewa babu komai a ciki. Wuta ta murhu, wuta ta lantarki. Rana ta sama, rana ta kwanan wata. Babu wanda ya gagara a cikinsu, amma sai an sake rubuta wurin da hoton da zai nuna bambancin. Ɗora murya kawai ba ya yi.

"Uwar ba ta yi boko ba, wa zai zauna da shi?"

Babu abin da ake nema a wurinta da ya haɗa da boko. Tambaya uku ce: Me kake gani zai faru? Me ka gani? Ta yaya za mu gane? Da kuma jumla ɗaya da manya ke jin kunyarta: "Ban sani ba, zo mu gwada." Kayan aikin duk suna cikin gida, yayarsa 'yar shekara goma ma za ta iya jan ragamar.

A ɗauki ƙanƙara. Gutsure uku masu girma ɗaya, kowanne a faranti. Ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, na uku a naɗe shi da busasshen tsumma mai kauri a ajiye kusa da na inuwar. A tambayi yaro wanne zai riga narkewa. Da yawa za su nuna na tsumman, saboda a saninsu bargo ɗumi yake kawowa. A duba duk bayan minti biyar. Na rana zai fara tafiya, na tsumma ya zama na ƙarshe, domin tsumma ba ya yin zafi da kansa, hana zafi wucewa yake yi. Shi ya sa mai sayar da ƙanƙara ke lulluɓe ta da buhu. Abin da ke ɓata gwajin biyu ne: gutsuren ba su zo daidai ba, ko tsumman siriri ne ya jiƙe sharkaf. Kuma a tabbatar na tsumman da na inuwar wuri ɗaya suke, don tsumman ya zama shi kaɗai ne bambanci. Wannan ɗan sharaɗin shi ne tushen kowane gwaji, har na manyan masana.

Ko zoɓo. A jiƙa shi ba sukari, a tsinka da ruwa har a iya hango yatsa ta cikinsa, a raba a kofi uku masu haske. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa rabin lemon tsami. Na uku a zuba cokali ɗaya na ruwan kanwa, wadda aka jiƙa gutsure kamar ƙwayar gyaɗa a rabin kofi. Na lemon zai ƙara ja da haske, na kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Sai a matsa lemo a na kanwar, jan ya dawo. Idan ba a ga sauyi ba, zoɓon ne ya yi kauri. Ba sai an ambaci sunan wani sinadari ba. Ya isa yaro ya ce "me kuma zai sauya shi?" ya ɗauko tsamiya ko ruwan toka. Na kanwa da na toka ba na sha ba ne, a zubar.

Wake na buƙatar haƙuri, shi ya sa nake son sa. Ƙwaya huɗu a jikin kofi mai haske, a tokare su da auduga mai laima, kowace ta kalli wani ɓangare. Wani kofin a bar audugarsa a bushe. Cikin kwana biyu zuwa huɗu saiwa za ta fito kafin ganye, kuma duk inda aka juya ƙwayar, saiwar ƙasa za ta nufa. Idan ruwa ya kwanta a gindin kofin waken zai ruɓe ya yi wari, don iri na buƙatar iska. Waken da ƙwari suka huda sau da yawa ba ya tsirowa. A ƙirga ƙwayoyin kafin da bayan, saboda ƙananan yara na cusa wake a hanci da kunne.

Inuwa kuwa sanda ɗaya ce da tsakuwa uku. A kafa sandar, a ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta da hantsi, da tsakar rana, da la'asar. Kaka ta riga kowa sanin wannan, da shi aka daɗe ana gane lokacin salla.

Hatsari uku ne ba a sassauta musu: bokitin ruwa da aka bar ƙaramin yaro da shi shi kaɗai, ƙananan mayen ƙarfe, da batir mai kama da maɓalli. Biyun ƙarshe idan aka haɗiye su sai asibiti nan take. Shirin da ya nuna yara suna wasa da su ba babba a kusa, a goge shi.

Batun tarbiyya

Iyaye na da haƙƙin tacewa, kuma hanyar ba ta da wuya: ka kalli fitowar kai kaɗai kafin ka ba shi. Tun da biyar ce ba ɗari biyu ba, ba aiki ba ne.

Abin da nake roƙo kawai shi ne kada "haka Allah ya yi shi" ta zama makullin rufe tambaya. Gaskiya ce, amma ayar Suratul Gashiya da ke tambayar ko ba sa duban raƙumi yadda aka halicce shi, kira take a duba. A faɗi ta farkon, a biyo ta da "zo mu ga yadda ya yi shi".

In za mu yi namu

Za a ce tsada, kuma da gaske ne. Fitowa ta minti 11 daƙiƙa 660 ce. Ko an tsaya a zane 12 a kowace daƙiƙa, ana maganar hoto 7,920. Manhajar kwamfuta na rage wahalar, amma ba ta kawar da ita. Sai dai buƙatun yaro sun zo daidai da aljihun talaka: wuri biyu ko uku da ake maimaitawa, tsakar gida da zaure da bakin rijiya, hali huɗu ko biyar, tafiya a hankali, shiru da gangan. Rabin fitowar ma ana iya ɗaukar yara na gaske da kyamara suna gwajin.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne gwada shirin a kan yara kafin a zana shi. Tun kafin Sesame Street ya fito a 1969, masu shirya shi na zaunar da yara gaban talabijin, a gefe su sa wasu hotuna masu sauyawa, su rubuta inda idon yaro ya bar shirin. Wurin da ya gaza sai a gyara ko a cire. Ana iya yin irin wannan da zane a kwali da murya a waya, a ajin raino ko Islamiyya. Washegari a koma a tambaye su me ya faru a labarin, a miƙa musu kayan a ga ko za su iya maimaitawa. A teburin rubutu kuma a zaunar da malamar raino da malamin kimiyya tare da marubucin, kowa da ikon cewa a'a. Muryoyin yaran su zama na yara, ba babbar mace tana maƙale murya ba.

Da ni za a tambaya, da randa zan fara. Yarinya ta sha ruwan jarka ta ji ɗumi, ta sha na randa ta ji sanyi, alhali daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Ƙanenta ya ce randar ce ke da ƙanƙara a ciki, su leƙa su ga babu. Su shafa jikinta su ji laima. Kaka ta jiƙa musu bayan hannu ɗaya ta ce su hura duka biyun, su faɗi wanda ya fi sanyi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne yana tafiya da zafi. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Aikin gida na fitowar: gora biyu na ruwa iri ɗaya, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a taɓa bayan awa ɗaya. Sai dai a nuna ta a bazara ko hunturu. A tsakiyar damina iska cike take da laima, tsumman ba zai bushe da wuri ba, yaro zai taɓa gorunan ya ji kusan ɗaya suke.